Ƙarfe a Ƙasan Takalminka

Abba,

Daga Paris zuwa Lyon awa biyu ce a jirgin ƙasa. Me ka riƙa gaya wa kanka a kaina cikin awa biyun nan? Cewa ubanka kunyarka yake ji? Cewa duk surutun da na shekara goma sha biyar ina yi a kan rawa, a leɓe ya tsaya? In haka ka yanke, to dakata ka karanta takardar nan har ƙarshe kafin ka rufe shari'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da sallama ya kamata in fara, na sani, amma ka san bakina kullum yana riga hankalina fita ƙofa. Ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ka tarar da ɗakinka lafiya, ya haɗa ka da maƙwabta masu haƙuri. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Na cusa takardar cikin takalminka na rawa, ƙafar hagu, don na san ko ba ka buɗe komai ba, wannan jakar za ka buɗe.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu ka baro shi. Abu ɗaya ne tsakaninmu. Ranar taron ƙungiyar ƴan Damagaram a unguwar Belleville, Alhaji Mamman ya tambaye ni a gaban mutane me za ka je karantawa a Lyon. Na ce masa kine, aikin gyaran jijiya da gaɓoɓi. Kana bayana da tiren shayi. Ka ajiye tiren a hankali, ka fita. Tun daga ranar, kwana goma sha ɗaya, ban samu komai daga bakinka ba sai "ina kwana" da "sai da safe". Gaskiyarka. Makarantar rawa ce ta karɓe ka, da guminka, ni kuma na mayar da kai mai tausa don kada wani dattijo ya ɗaga gira.

Zan zo kan wannan. Amma kuskuren nan yana da yayye, gara ka san su duka. Shekara ashirin ce kawai tsakanina da kai. Kurakuraina ba su huce ba tukuna, in ka taɓa za ka ji zafi.

Ka san mutumin da muke ce wa Mai Taku. Mahaifiyarka ce ta raɗa masa sunan da ta gaji da karya harshe wajen faɗin nasa na Amerika. Ka tashi da hotonsa manne a jikin firiji, amma ban taɓa gaya maka daidai yadda na same shi ba. Na zo ƙasar nan kana da shekara huɗu, na bar ku a Damagaram. Lekol ɗina, karatun boko, aji huɗu ne, Faransancina na bakin tasha. Aikin da na samu shara ce a wata ƙaramar silima can ƙetaren kogi, wadda ba ta nuna komai sai tsofaffin finafinai marasa launi. Masu kallo tsofaffi ne da ɗalibai. Tsakanin fim da fim ana ba ni minti goma in share. Wata la'asar na shiga da tsintsiya fim bai ƙare ba, sai na raɓe a baya ina jira.

Wani baƙin mutum ya fito cikin farar rigar masu kai abinci, da tire da kofuna a hannu. Nasaran fim ɗin na zaune suna ta zancen soyayyarsu. Kiɗa ya tashi, ya fara takawa. Daga ƙugu zuwa sama ka ce mai jiran motar bis ne: kafaɗa a sake, hannu shiru, tire bai ko girgiza ba. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa wuta ce. Can tsakiya makaɗa suka yi tsit gaba ɗaya, aka bar ƙafafunsa su kaɗai. Ni ɗan maƙera ne, Abba. A bakin uwar maƙera na yi wayo, ina jin kakanka, mai sunanka, yana bugu da masaba, ƙaninsa na amsa masa da ƙaramar guduma. Na san ƙarfe in yana surutu, na san shi in yana magana. Mutumin nan ƙarfen diddigensa na tambaya, na yatsunsa na amsawa, wani lokaci su yi gardama, wani lokaci ɗaya ya yi shiru ya bar ɗan'uwansa ya ji kunya. Minti huɗu. Ya ɗan rusuna, ya fita da tirensa, fim ya ci gaba, ba a ƙara ganinsa ba. Na fita na dudduba takardar talla ta bakin ƙofa ban san wanne ne sunansa ba, sai da mai haska fim, wani dattijo ɗan Portugal, ya ɗora mini yatsa a kai: can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, kusa da inda danshi ya ci takardar.

Saboda shi na koyi karatu. Ba don takardu ba, ba don aiki ba. Na samu wani littafi a bibliyotek, ɗakin karatun Belleville, a kan masu rawar finafinan da, da babi guda a kansa. Na yi watanni a kan babin nan, ƙamus a gwiwa ɗaya, littafi a ɗaya. A nan na ji tun yana yaro yake rawa a titi, ya yi shekaru a dandamali kafin masu fim su waiwaye shi. Da suka waiwaye shi kuma, kullum bara ne, ko ɗan dako, ko mai buɗe ƙofa. An tsara fitowarsa yadda za a iya sa almakashi a cire ta a garuruwan da ba sa son ganin baƙin mutum, labari kuma ba zai rasa komai ba. Da yayin irin finafinan nan ya wuce, aka daina nemansa, ya koma koya wa yara a wani ɗaki na haya. Sai da ya yi furfura aka tuna da shi, aka hau da shi dandamali ana tafi. Na ga wannan hoton daga baya. Bai yi tsalle ba. Ya taka ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa, matasan da ke gefensa suka sunkuyar da kai suna saurare. Yau duk wanda ya ɗaura ƙarfe a takalmi yana ɗauke da wani abu nasa, ko ya san sunansa ko bai sani ba.

A cikin babin nan na yi kuskurena na fari. Ashe ƙarar takalmin da muke ji a fim, sau da yawa ba a lokacin rawar aka ɗauke ta ba. Sai an gama ɗaukar hoto, mai rawar ya shiga wani ɗaki, a haska masa kansa a bango, ya sake taka rawar tun daga farko a kan katako yana bin ƙafafunsa na hoto, a naɗi ƙarar a haɗa. Na rufe littafin na ce an cuce ni. Na je na gaya wa ɗan Portugal cewa mutuminsa maƙaryaci ne, abin da na ji ba shi na gani ba. Kusan shekara guda, in an sa fim ɗinsa, a waje nake tsayawa da tsintsiyata ina hura hanci. Sai wata rana dattijon ya kira ni ɗakinsa na sama, ya miƙo mini cokali, ya kashe sauti, ya ce in bi ƙafafun da ke bango da cokalin a kan tebur, rabin minti kawai. A bugu na biyar na ɓace. Ya karɓi cokalinsa ya goge ya ce:

"Shi ya yi minti huɗu, sau biyu. Na biyun ba wanda ya tafa masa."

To ka ji. A Lyon za ka ga abubuwa da yawa ta ciki, ba yadda ka zata ta waje ba. Kada ka yi saurin cewa ƙarya ce. Ka fara tambaya yaya ake yi. Wanda ya karanta littafi ɗaya ya fi wanda bai karanta ko ɗaya ba haɗari, ni ne shaida. Kuma ka sani mafi yawan aikinka a irin wancan ɗakin za ka yi shi, kai da katako, ba mai kallo. In ba za ka iya son wannan ɗakin ba, ka dawo gida tun yanzu, ba wanda zai ce maka komai.

Kuskure na biyu ya ci mini aiki. An ƙara mini matsayi lokacin, ni ke yagar tikiti a ƙofa. Silimar ta ware mako guda na finafinan Mai Taku, aka gayyato wani malamin jami'a ya yi bayani bayan fim ɗin rana. Mutumin yana murmushi ya ce irin waɗannan mutane kiɗa a jininsu yake, Mai Taku bai buƙaci koyo ba, kamar tsuntsu ne da waƙa. Yabo yake yi a ganinsa. Na ɗaga hannu daga baya, da rigar aiki a jikina. Na ce masa in jini ne, to ni da Mai Taku launinmu ɗaya, amma in na taka rawa jakin gishiri ya fi ni fasali. Na ce mutum ya niƙa ƙafarsa a kan katako tun yana yaro, kai ka zo da jakarka ka ce tsuntsu ne. Zauren ya fashe da dariya, wata tsohuwa har da tafi. Da na tsaya a nan, da na ci. Ban tsaya ba. Na shiga gemunsa, na shiga tabaransa, na shiga abin da kakanninsa suka yi a ƙasarmu, na kusa kaiwa ga mahaifiyarsa. Dariya ta mutu. Washegari mai silimar ya karɓi rigarsa. Mutanen da suka fita ranar ba su tafi da kuskuren malamin a kansu ba, sun tafi da mahaukacin mai tikiti.

Za su faɗa maka wannan maganar, Abba, na rantse za su faɗa. Da fara'a za su faɗa, bayan ka gama rawa kana haki. Kada ka karɓa, domin in ka karɓa ka ba su shekarunka goma sha biyu kyauta. Kada kuma ka yi irin nawa. Ka gaya musu tun yaushe ka fara da sau nawa kake yi a mako, jimla ɗaya, ka rufe baki. Ka duba Mai Taku: abin da ya fi kowa da shi sanin inda zai tsaya. Ni na kalle shi sau ɗari ban koyi wannan ba.

Kuna isowa, kai da mahaifiyarka, na samu aikin rarraba kaya, muka zauna a Clichy, hawa na bakwai, asansar, na'urar hawa bene, rabin shekara a mace. Kana da shekara bakwai. Na sayo kaset ɗin Mai Taku a kasuwar Barbès. Ban ce ka kalla ba. Na dawo daga aiki na tarar da kai gaban tele ba takalmi, kana bin sa da tafin ƙafa. Ranar Asabar na samo guntun ƙarfe, na yanka huɗu, na goge bakinsu, na buga a ƙasan takalminka na Salla. Mahaifiyarka ta ɗaga takalmin ta juya shi ta ce, "Habu, yaron nan masallacin Idi za shi, ko dokin Nasara ne?" Kwana biyu ba ta zuba mini miya da hannunta ba. Madam Kulibali ta hawa na shida kuma ta riƙa dukan silin da sandar tsintsiya, har na sauka da goro muka yi sulhu: daga biyar zuwa shida na yamma, a kan katako, katakon a kan tsohuwar katifa. Waɗannan shekarun ban yi kuskure a cikinsu ba, ko na yi ban gani ba.

Na uku ya zo kana da goma sha uku. Kana cikin rawar tiren nan da muka haddace taku-taku, sai ka saka wani abu da ka ɗauko wurin yaran ƙasan bene: ka karya kafaɗa, ka zube ƙasa da gwiwa ɗaya, ka miƙe a kan bugu. Na tsayar da fim. Na ce Mai Taku ba ya motsa kafaɗa. Ka ce ai kai ba Mai Taku ba ne. Na ce ko ka yi yadda ya yi, ko ka cire takalmin. Ka zauna a bakin katifa ka kwance igiya, ka jera su a kan katako, ka shiga ɗaki. Shekara uku ba ka ƙara takawa a gabana ba. Kana zuwa gidan matasa na unguwa kana rawarka a can, mahaifiyarka ta sani, ƙannenka sun sani, har Madam Kulibali ta sani. Ni na sauke katakon zuwa ɗakin ajiya na ƙasa ina cewa yaran zamani ba su da juriya.

Daga baya na koma wa babin nan. A shafi na uku an rubuta ƙarara cewa Mai Taku ɗaukar taku yake yi wurin duk wanda ya gani, ya murɗa shi ya zama nasa, kuma a cikinsu abin kunya ne mutum ya yi takun wani daidai yadda mai shi ya yi. Na karanta wannan tun farko. Na tsallake shi don bai yi mini daɗi ba. Ni da ba ni da ƙafa, na so in ajiye mutumin a cikin ƙafarka kamar hoto a firiji. Kakanka ya gaji masaba wurin ubansa, amma uban nasa mashi da takobi ya ƙera, shi kuwa hauya da murhun gawayi, kuma ba wanda ya ce ya ɓata gado. Malamanka na Lyon kowanne zai so ka yi kama da shi. Ka karɓi abin da suka ba ka, ka yi godiya, ka maimaita har ya zauna. Amma kada ka ƙara kwance igiyar takalminka don wani ya ce ka kwance. Ko ni ne.

Na huɗu ba ka san shi ba sam, kuma shi ya fi yi mini nauyin rubutawa. Ranar da muka je Lyon gwajin shiga, matar da ke ƙofa ta ce iyaye na iya zama a kujerun baya. Na ce zan je in ga kogi. Ka dube ni ka ce to. Ka ɗauka na tafi. Ban tafi ba. Na zagaya ta wani lungu, na tsaya jikin bangon zauren, kusa da wata ƙofa da ba a buɗewa. Yara da yawa sun shiga kafin kai, wasu ma ba ƙarfe a ƙafarsu. Da ka fara, a bugu na huɗu na gane ka. Diddigenka na hagu yana ɗan makara tun kana yaro, na yi ta faɗa a kai, ashe ka bar shi ka gina komai a kansa. Na ji inda ka sa aka yanke kiɗa. Na ji ka bar shiru ya yi tsawo har na ce yaron nan ya manta, sai ka faɗo a daidai. Abin da ya biyo baya ba na Mai Taku ba ne, ba na yaran ƙasan bene ba ne. Ban taɓa jin sa ba. Na dafa bangon da hannu biyu.

Da na ji an buɗe ƙofa, na ruga waje, na sayi burodi, na zauna a benci bakin kogi kamar tun ɗazu nake nan. Ka zo. Na ce yaya. Ka ce ba laifi. Na ce to madalla, muka koma zancen ƙarfe nawa jirgi zai tashi.

Ka san dalili, ko da rabi. Kai ɗan fari ne, kuma sunan ubana gare ka. A wurinmu mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zura masa ido, ba ya yabonsa a gabansa. Kakanka bai taɓa ce mini hauyar da na ƙera ta yi kyau ba. Amma ga abin da na manta. A Damagaram in uba ya yi shiru, gari ne ke magana a madadinsa. Gwaggo za ta ja ka gefe ta ce jiya ubanka ya nuna wa baƙi aikinka. Kawu zai faɗa, kaka za ta yi maka kirari, mai sayen hauya ma zai faɗa. Yaro ba ya kwana cikin shakka. Ni na ɗauko kunyar na hau da ita hawa na bakwai, na baro masu fassara ta a gida. Na yi maka shiru irin na ubana, a inda ba kowa sai bango. Me za ka fahimta in ba abin da ka fahimta ba?

Saboda haka in Allah ya ba ka ɗa a ƙasar nan, ka duba ko akwai mai faɗa masa a madadinka. In babu, ka buɗe baki. Haka abokin karatu, haka malami, haka matar da za ka aura: in ka ga abu mai kyau ka faɗa da wuri, mai shi na ji. Mai Taku sai da gwiwarsa ta ƙare aka tafa masa yadda ya kamata, na yi shekaru ina zagin waɗanda suka makara, ashe ina layi ɗaya da su. To ga shi a rubuce, tunda bakin ya ƙi: ka iya. Na ji da kunnena, kuma kunnen nan ba ya yi wa ƙarfe kara.

Yanzu na biyar, wanda ka gani.

Alhaji Mamman ne ya sauke ni a ɗakinsa wata shida da na zo. Shi ya samo mini aikin sharar nan. Ya san ni ba ni da rigar sanyi. In na tsaya gabansa harshena naɗewa yake yi, har yau. Ranar taron an bi layi ana faɗin yara: wannan likita, wannan injiniya, ɗiyar Malam Sani lauya. Aka zo kaina. Ni da na tsaya a cikakken zaure na wanke malamin jami'a, na kasa furta kalma ɗaya mai baƙi huɗu a gaban mutum ashirin da muke cin tuwo tare. Na lalubo wata kalmar Faransanci mai kama da asibiti na ɓuya a bayanta. Ba wanda ya matsa mini. Ba wanda ya zage ka tukuna. Ni na fara.

Darasin ba shi da tsawo. Jarumta a gaban baƙi araha gare ta, gobe ba za ka gan su ba. A gaban naka ake gane mutum. Za ka haɗu da ƴan gida a Lyon, ɗalibai, masu dogon karatu, za su tambaye ka me kake yi. Ka faɗa da Hausa. Kada ka yi masa ado, kada ka yi dariya kafin su yi.

Ga abin da ya faru bayan nan, wanda ba ka sani ba don ba ka zama a falo. Mahaifiyarka ba ta shiga ƙarya tare da ni. Hajiya, matar Alhaji, ta kira ta tana yi mata barka da samun ɗa mai aikin asibiti, ita kuwa ta ce mata rawa za ka karanta, rawar takalmi, kuma an zaɓe ka ne ba alfarma ba. Ranar Juma'a bayan masallaci, a bakin metiro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, Alhaji ya ce wa mutum huɗu ko biyar rawa sana'ar yaran da ba su da uba ce. Malam Sani ya kawo mini maganar yana ta ba ni haƙuri. Na tashi zan yi abin da na saba. Mahaifiyarka ta tare ƙofa ta ce wa ya ba shi hujja in ba ni ba, ai uban da ke tsaye bayan ɗansa ba ya canza masa sana'a a bainar jama'a. Na koma na zauna.

Na kira magatakardan ƙungiya na ce a ba ni magana a taron Lahadin farkon wata. Ya tambaya a kan me, na ce gyara. Zan miƙe in ce na yi ƙarya. Zan ce ɗana yana Lyon yana karatun rawa, ni na buga masa ƙarfen farko da hannuna, kuma ya fi ni iya abin da ya sa gaba. Ba zan taɓa gemun kowa ba. Na maimaita maganar sau uku a kicin, mahaifiyarka na yanke mini duk inda na fara zafi. Ta ce za ta zauna a ɓangaren mata, in na wuce gona da iri za ta yi tari.

Sauran ƙanana ne. Kada rawa ta ci maka salla; mutumin da ke riƙe lokaci a diddige ba shi da hujjar rasa la'asar. Ka riƙa duba kusoshin ƙarfen kafin ka hau katako, na dama na gaba yana sassautawa. Kafin ka gaida kowa a gidan da ka sauka, ka gaida wanda ke ƙarƙashin ɗakinka. Ka ci abinci mai zafi ko sau ɗaya a rana. Ka kira mahaifiyarka, ita ba ta yi maka komai ba. Ni kuwa ba dole ka amsa mini yanzu ba. Na yi maka shiru na shekaru, in ka rama na ƴan makonni ban da bakin kuka.

Allah ya tsare ka a hanya da masauki. Allah ya tsare maka gwiwa da idon sawu, ya raba ka da mugun aboki da mugun malami, ya ba ka haƙurin da bai ba ubanka ba. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Shi kuma Alhaji, na ci abincinsa, na kwana a ɗakinsa, ba zan ɗaga masa murya ba. In na gama nawa zan juya in roƙe shi abu ɗaya, kuma ba zan zauna ba sai ya yi. Maganar da ya yi a bakin metiro cikin mutum biyar, ya miƙe a zauren nan gaban kowa, maza da mata, ya dube ni ina tsaye, ya amsa da bakinsa: yaron nan yana da uba, ko ba shi da shi?

Ni ne mahaifinka,
Habu